Bututu Ɗaya a Cikin Fangali: Jagorar Ban Ruwan Shinkafa ga Manoman Kadawa

Duk wanda ya taɓa tsoma ƙafa cikin fangalin shinkafar da ruwa ya daɗe kwance a cikinsa ya san abin da zan faɗa. Kana ɗaga ƙafa daga taɓo sai ka ga kumfa na tasowa, ɓul-ɓul, wani lokaci da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Warin daga wata iska ce daban, amma mafi yawan abin da ke cikin kumfar iskar metan ce, wadda ba ta da wari ko launi. Tana cikin manyan iskokin da ke riƙe zafin rana a sararin sama su hana shi fita. Idan aka auna a tsawon shekara 100, kilo ɗaya nata yana riƙe zafi kusan sau 28 na kilo ɗaya na kabon dayoksayid, wato hayaƙin da ke fita daga mota da janareta. A shekara 20 na farko kuwa ya haura sau 80. Gonakin shinkafa na duniya su ke fitar da kusan kashi ɗaya cikin goma na metan ɗin da ayyukan ɗan Adam ke jawowa.

Kafin in ci gaba, bari in faɗi gaskiya ɗaya don kada a ɗora wa manomin Kura ko Bunkure laifin da ba nasa ba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. Masana'antun Turai da Amurka da Sin su ne suka cika sama da hayaƙi, mu kuma muna kwasar zafin da ambaliyar. Amma abin da zan bayyana a nan aiki ne da ribarsa ke fara shiga aljihun mai gona, ta isa ga maƙwabcinsa na ƙarshen kanal, kafin ma a zo maganar sararin sama. Shi ya sa nake ganin ya cancanci a gwada.

Yadda metan ke samuwa

Idan ruwa ya rufe ƙasa kwana da kwanaki, iskar shaƙa da ke cikinta takan ƙare. A nan ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ba sa rayuwa sai inda babu iska, ke samun sarari. Suna cin ruɓaɓɓen kara da saiwa da ɗanyen taki, suna fitar da metan. Kaɗan ne ke fita ta kumfa. Mafi yawa ta cikin jikin shinkafar yake bi, domin karanta yana da ƙofofi kamar bututu tun daga saiwa har ganye. Da zarar ruwa ya janye ƙasa ta sha iska, waɗannan ƙwayoyi sai su lafa, kuma ko an mayar da ruwa sai sun ɗauki kwanaki kafin su farfaɗo. Dabarar duka a nan take: a riƙa katse musu hanzari.

Mun taso da tunanin cewa shinkafa sai ta kwana cikin ruwa kullum. Gaskiyar ita ce shinkafa tana jure kwanciyar ruwa fiye da sauran amfanin gona, kuma kwanciyar ruwan tana danne ciyawa. Abin da saiwarta ke bukata shi ne danshin da bai yanke ba. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta daɗe tana gwada hanyar jiƙawa da busarwa bi da bi, kuma abin da aka samu a ƙasashe da dama shi ne ana iya rage ruwan da ake sha har kusan kashi 30 cikin ɗari, a rage metan da kashi 30 zuwa 50, ba tare da amfanin ya ragu ba idan an bi ƙa'ida. Wannan "idan" ɗin ita ce jagorar nan gaba ɗaya.

Abin da ya shafi Kadawa musamman

Ruwan da muke noma da shi daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Ya bi babban kanal ya sauka Ruwan Kanya, daga nan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, yana gangarowa da kansa ba tare da inji ba, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ni'ima ce babba, amma tana da wani lahani da kowa ya sani: ruwan da ba a saye shi da lita ba, hannu ba ya jin nauyin sakinsa. Mai gona a bakin kanal ya buɗe ya tafi gida, ruwa ya cika fangali ya tumbatsa ya malala magudana. Mai gona a wutsiyar kanal kuwa ya kwana da tocila yana jiran abin da zai rage. A wasu gonakin, yawan ruwan ya sa ƙasa ta jiƙe ta daina shanyewa, kanwa ta fara fitowa fari-fari a sama, kachala ta cinye magudanai.

Ruwan Tiga kuma ba namu ne mu kaɗai ba. Daga cikinsa birnin Kano ke sha, kuma abin da ya wuce shi ke tafiya Wudil, Haɗeja, Nguru, har Kogin Yobe. Duk bokitin da ya salwanta a Kadawa, wani ne a can ƙasa ya rasa shi.

Haɗa bututun awo

Kayan aikin ba su da yawa. Ka nemi bututun roba irin na masu aikin famfo, mai faɗin inci huɗu, a yanka maka tsawon santimita 30, daidai da rular ɗan makaranta. Ka auna santimita 20 daga ƙasa ka ja layi. Duk abin da ke ƙasan layin ka huhhuda shi ta kowane gefe da ƙusa mai zafi, ƙofofi ƙanana masu tazarar kamar yatsa ɗaya tsakaninsu. Santimita 10 na sama a bar su ba huji.

Ka kafa shi a cikin fangali har layin nan ya yi daidai da doron ƙasa. Sannan ka sa hannu ka kwashe duk taɓon da ke cikinsa har gindi. Idan fangalin na da ruwa, ka duba ka tabbata ruwan cikin bututu da na waje tsayinsu ɗaya ne. Ka ɗebe na ciki da gwangwani, in ya dawo da sauri to ƙofofin na aiki. In ya yi nawa, taɓo ya toshe su, sai a zare a sake kafawa.

Wurin kafawa yana da muhimmanci. Ka sa shi kusa da kunya, kamar taku ɗaya ko biyu, yadda za ka leƙa ba tare da ka tattake shuka ba. Kada ya zama a kwari inda ruwa ke taruwa, kada kuma ya zama a tudu. Idan gonarka eka ɗaya ce kuma shimfiɗarta daidai, bututu biyu ko uku sun isa.

Daga nan za ka gane cewa aikin yana farawa tun wajen gyaran gona. Fangalin da ba a daidaita shi ba, gefe ɗaya zai ƙone yayin da ɗaya gefen ke ninƙaya, kuma bututu ba zai gaya maka gaskiyar duka biyun ba. A daidaita ƙasa sosai, a ɗaga kunyoyi, a liƙe ramukan ɓera da tsagewar da ruwa ke zurarewa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya fi masa alheri ya ci gaba da yadda ya saba.

Ban ruwan kansa

Bayan dashe, a bar ruwa maras zurfi a fangali na mako ɗaya zuwa biyu har shuka ta kama ƙasa. Idan gonarka mai ciyawa ce, ka ƙara zuwa mako uku, ka tabbata ka yi noman farko ko feshi kafin ka fara busarwa. Ciyawa ita ce abokiyar gabar wannan hanya. Ƙasar da ta sha iska tana tayar da ita, kuma wanda ya fara busarwa ciyawa na ƙarƙashi zai yi asarar da za ta sa ya tsani dabarar har abada.

Da shuka ta tsaya da ƙafarta, sai ka ba da ruwa zurfin santimita 5 a saman ƙasa, wato kamar faɗin yatsu uku. Ka toshe. Ka bar shi ya shanye da kansa. Za ka ga ruwan sama ya ɓace, ƙasa ta bayyana, har ma ta fara 'yar tsagewa. A nan ne zuciyar manomi ke tsinkewa, kuma a nan ne bututu ke da amfani. Leƙa ciki. Muddin ruwan da ke ciki bai yi ƙasa da santimita 15 daga doron ƙasa ba, saiwa tana cikin danshi, shinkafarka ba ta jin ƙishi. Santimita 15 kusan tsawon biro ne. Ka yanka ɗan kara ka yi masa alama ka ajiye a bakin kunya. Ranar da ruwa ya sauka zuwa wannan alama, ranar za ka sake buɗewa ka mayar da yatsu uku. Haka za a yi ta yi.

Kwana nawa ke tsakani? Babu amsa ɗaya, kuma kada ka yarda da wanda ya ba ka lissafin kwanaki daga gonar wani. A ƙasa mai laka ana iya yin mako guda ko fiye. Yawancin ƙasar Kadawa kuwa tana da yashi-yashi, ruwa na saurin nutsewa, don haka a zafin Maris da Afrilu kwana biyu ko uku na iya isa ya kai alama. Saboda haka a leƙa bututu kowace safiya. Wanda gonarsa ta cika yashi sosai, ya fara da santimita 10 a shekarar farko har ya san halin ƙasarsa.

Akwai lokacin da ba a wasa da shi. Daga mako ɗaya kafin shinkafa ta yi fure zuwa mako ɗaya bayan furen, ruwa ya zauna a fangali, yatsu uku, kada ya yanke. Da ka ga ciki ya kumbura kai na shirin fitowa, ka daina busarwa. Ƙishi a wannan lokaci shi ke kawo fankon hatsi, kuma shinkafar rani a nan tana yawan yin fure ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, alhali zafin da ya wuce digiri 35 kaɗai yana iya hana fure ɗaukar ƙwaya. Ruwan da ke kwance yana sanyaya gonar. Bayan wannan mako biyun sai a koma bin bututu yayin da ƙwaya ke cika, sannan a ɗauke ruwa gaba ɗaya kwana goma zuwa mako biyu kafin girbi don ta nuna tare, ƙasa kuma ta yi ƙarfin ɗaukar masu yanka ko inji.

Gonar da kanwa ta riga ta kama, kada a yi mata wannan. Busarwa tana jawo gishirin sama ya ƙona saiwa. Irin wannan gona magudana take bukata tukuna, a yashe ta, a wanke ƙasar. Da damina kuma sama ce ke da iko, amma ko a lokacin, idan magudanarka na tafiya, sakin ruwa sau ɗaya na wasu kwanaki bayan shinkafa ta gama 'ya'ya yana rage metan sosai, yana kuma ƙarfafa kara ya rage kwanciya.

Taki: inda ake gyara a ɓata

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Ƙasar da ke jiƙewa tana bushewa, idan an cika mata yuriya, tana fitar da wata iskar mai suna naitiros oksayid, wadda ƙarfinta wajen riƙe zafi ya kai kusan sau 270 na kabon dayoksayid. Wanda ya rage ruwa ya ci gaba da watsa yuriya ba lissafi, ya toshe ƙofa ɗaya ya buɗe wata. Kuma kuɗinsa ne ke tashi sama, ga buhun taki yadda ya yi tsada.

Kamfa a sa shi wajen gyaran ƙasa ko jim kaɗan bayan dashe, a cuɗe shi da ƙasa. Yuriya a raba ta kashi biyu: ɗaya lokacin da shinkafa ke 'ya'ya, ɗaya gab da ta ɗauki ciki. A zuba ta a kan ƙasa mai danshi daidai lokacin da za a mayar da ruwa, don ruwan ya shigar da ita ƙasa, sannan a toshe fangali kada ya fita. Kada a watsa ta cikin ruwan da ke gudu, kada a watsa da tsakar rana a kan busasshiyar ƙasa a tafi a bar ta. Inda ake samun dunƙulen yuriya, ana cusa ƙwaya ɗaya a tsakiyar gindi huɗu, zurfin santimita 7 zuwa 10, kamar mako guda bayan dashe, kuma sau ɗaya ake yi a kakar noma. Yana rage asara ƙwarai a ƙasa mai laka, amma yana son dashen layi mai tazarar santimita 20, kuma a gona mai yashi sosai ruwa na iya wanke shi ƙasa. A tuntuɓi malamin gona ko ma'aikatan tashar binciken ban ruwa ta Kadawa, wadda ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, kafin a saya.

Tattaka da ɓuntu

Bayan bugu, abin da aka saba shi ne a banka wa tattaka wuta don a yi saurin shiga noman alkama ko tumatir. Hayaƙin yana shiga ƙirjin yaranmu, kuma abincin ƙasa ne ake ƙonawa. Sai dai binne ɗanyar tattaka a sako mata ruwa nan take shi ma kuskure ne, domin abinci ka kai wa ƙwayoyin metan har gida. In za a binne, a yi shi aƙalla wata guda kafin ruwa ya kwanta, ko a binne ta gabanin alkama ko masara, waɗanda ba a kwantar musu da ruwa. Mafi kyau a ganina shi ne a kwashe ta a ba dabbobi ko a sayar wa masu kiwo, ko a tara ta da kashin shanu ana yayyafa ruwa ana juyawa duk mako biyu har ta ruɓe ta zama taki. Takin da ya gama ruɓa a fili ba ya tayar da metan kamar ɗanye.

Wanda ya san Kura ya san tulin ɓuntu a bayan injinan casa. Ga kuma mata masu turara shinkafa suna sayen itace da tsada, itacen da daga daji aka saro shi. Ɓuntun nan makamashi ne. Da murhun da aka ƙera don shi, yana dafa tukunya, kuma idan aka ƙona shi a rufe ba tare da iska mai yawa ba yakan zama baƙin gawayi wanda in an mayar gona yana taimaka wa ƙasa mai yashi riƙe danshi, kabon ɗin kuma ya zauna a ƙasa shekaru. Wannan sana'a ce da ke jiran maƙeranmu.

Masu ɗaga ruwa da inji daga rijiya ko magudana su ne za su fi saurin ganin riba. Kowace lita ta fetur da inji ya sha tana sakin kusan kilo 2.3 na kabon dayoksayid, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke ci a aljihu. Rage ban ruwa rage mai ne kai tsaye. Injin sola ya fi, ga wanda ya samu hali ko ƙungiyar da ta haɗa kuɗi, amma shi ma a haɗa shi da bututu, don ruwan da ba a biya masa mai ba ya fi saurin sa mutum sakaci.

Aikin ba na mutum ɗaya ba ne

Yanzu ga abin da ya fi komai wuya. Manomin da ke cika fangalinsa har wuya ba jahilci ke sa shi ba. Tsoro ne. Bai san ranar da ruwa zai sake zuwa layinsa ba, don haka yake ɗiban na yau da na jibi. Idan ka ce masa ya jira ruwa ya sauka tsawon biro, tambayar da zai yi maka ita ce: ranar da ya sauka, wa zai ba ni tabbacin zan samu? Tambaya ce mai kyau, kuma bututu ba ya amsa ta. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda aka ƙarfafa a lokacin gyaran kanal na shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa, su ne za su amsa. Masu gonaki a kan ƙaramin kanal ɗaya su zauna su yi dashe cikin mako ɗaya ko biyu, da iri mai kwanaki iri ɗaya, in Faro 44 ne kowa ya sa shi, don furensu ya zo tare. Su tsara ranakun ruwa a rubuce, na bakin kanal su yarda su fara gwajin, domin su ne ba sa fargabar rasawa. Idan na wutsiya ya ga ruwa na iso masa da rana tsaka, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Wasu ƙasashen sun riga sun yi nisa. Biyetnam ta ƙaddamar da shirin hekta miliyan ɗaya na shinkafa mai ƙarancin hayaƙi a 2023. A Ghana, tun 2022 aka amince da wani shiri tare da ƙasar Suwizalan wanda ke saka wa manoman shinkafa saboda metan ɗin da suka rage ta wannan hanyar. Najeriya ma ta sa hannu a dokar sauyin yanayi a Nuwamban 2021, ta kuma shiga alƙawarin ƙasashen duniya na rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Irin wannan kuɗi na Ghana, wato kuɗin kabon, in ya zo, wanda ke da shaida a rubuce yake samu. Don haka ka sayi ƙaramin littafi: ranar dashe, ranakun ban ruwa, awon bututu, buhun taki nawa, buhun shinkafa nawa. Amma kada ka ba kowa ko sisi da sunan rajistar kuɗin kabon, kuma kada ka sa hannu a takardar da shugabannin ƙungiyarku da malamin gona ba su karanta ba.

Shawarata ga wanda zai fara a ranin bana: kada ka sa gonarka duka. Ware fangali biyu maƙwabta, iri ɗaya, taki ɗaya, dashen rana ɗaya. Ɗaya ka yi masa yadda ka saba, ɗaya ka bi bututu. Ka ƙirga sau nawa ka ba kowanne ruwa, ka buge su dabam, ka auna a gaban maƙwabtanka. Abin da ka samu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, ka kai shi taron ƙungiya kafin a fara shirin rani mai zuwa.